Me ya hana ilektron ruftawa cikin cibiyar ƙwayar zarra?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ɗan aji shida a wata sakandare a nan Gwale, ina shirin WAEC da JAMB. A aji an zana mana ƙwayar zarra kamar rana da duniyoyi, cibiya a tsakiya, ilektron suna zagaya ta. An kuma ce mana cibiya cajin fozitif gare ta, ilektron negetif, suna jan juna. To me ya hana ilektron faɗawa ciki? Sannan na ga wani littafi yana cewa ilektron ba zagaye yake yi ba, wai gajimare ne. Wanne ne gaskiya, kuma wanne zan rubuta a jarrabawa?"

Wa alaikumus salam, ɗana, Allah ya ƙara basira. Abu uku ka tambaya a dunƙule: me ya riƙe ilektron bai rufta cikin cibiya ba, wane zane ne daidai tsakanin na zagaye da na gajimare, da abin da za ka rubuta wa mai duba takardarka. Kada ka ɗauka ƙarancin fahimtarka ne ya jawo ruɗanin. Wannan tambayar ce ta hana manyan masana fiziks barci daga 1911 zuwa 1926, kuma wajen neman amsarta aka gina ilimin da ake kira kwantam. Ga amsar a dunƙule tukuna. Ilektron yana da ɗabi'ar igiya, irin ta igiyar ruwa, kuma duk igiyar da aka matse a wuri mai ƙunci sai makamashinta ya hau. Cibiya na janyo shi ciki, matsi na hana shi shiga, inda biyun suka yi kunnen doki nan ne girman ƙwayar zarra. Yanzu sai mu warware.

Inda matsalar ta samo asali

A 1897 J.J. Thomson ya gano ilektron a Kambirij ta ƙasar Ingila. Ya zaci cajin fozitif a shimfiɗe yake cikin ƙwayar gaba ɗaya, ilektron kuma a warwatse a ciki kamar 'ya'yan kankana. A 1909, a Manchesta, Geiger da Marsden da ke aiki ƙarƙashin Ernest Rutherford suka riƙa harbin wani fallen zinare shara-shara da ƙwayoyin alfa, wasu ƙananan ƙwayoyi masu cajin fozitif. Kusan dukkansu suka wuce kamar babu komai a gabansu, amma ɗaya cikin dubbai sai ta dawo da baya. A 1911 Rutherford ya fassara abin: cajin fozitif duka, da fiye da kashi 99.9 cikin ɗari na nauyin ƙwayar, suna cure ne a wani ɗan mitsitsin wuri a tsakiya.

Ka riƙe lambobin nan biyu. Faɗin ƙwayar zarra wajen mita 10⁻¹⁰ ne, na cibiyarta wajen mita 10⁻¹⁵. Da za a buɗa ƙwayar haidurojin har cibiyarta ta kai ƙwayar gero, ka ajiye geron a tsakiyar filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, to yankin da ilektron ke ciki zai cinye filin ƙwallon daga raga zuwa raga. Shi kuwa ilektron, furoton ɗaya, wato ƙwayar cajin fozitif da ke cikin cibiya, ya ninka shi nauyi sau 1836.

Daga nan zanen rana da duniyoyi ya fito, kuma da farko yana kama hankali. Ai wata ma ƙasa na jan sa, bai faɗo ba saboda gudun zagayen da yake yi. Sai dai ilektron yana ɗauke da caji, a nan kuwa gizo ke saƙar. Tun zamanin Maxwell, masanin fiziks na ƙarni na sha tara, aka san cewa duk cajin da ke sauya gudu ko sauya alƙibla dole ya fitar da igiyar lantarki da maganaɗisu. Da haka turakun gidajen rediyo ke aiki: ana kaɗa ilektron sama da ƙasa a jikin ƙarfe, igiya ta fita, rediyonka ya kama. Mai zagaye kuwa kullum cikin sauya alƙibla yake. Ke nan ilektron mai zagaye zai yi ta zubar da makamashi, da'irarsa na tsukewa, har ya rufta. Idan aka yi lissafin, ruftawar wajen daƙiƙa 10⁻¹¹ kacal za ta ɗauka. Ga shi kuwa ƙarfe da ruwa da jikinmu suna nan daram. Ruwa ba ya tsami banza, dole akwai abin da tsohon ilimin bai hango ba.

Haske ne ya fara nuna hanya

Ka taɓa tsayawa a maƙera ka ga ƙarfe a wuta? Ya fara ja, ya koma ruwan ɗorawa, ya doshi fari. Masana sun auna yadda launukan nan ke rabuwa da zafi, lissafinsu ya ƙi dacewa da awon. A 1900 Max Planck na Jamus ya gano cewa lissafin zai daidaita idan aka ɗauka makamashin haske ƙulli-ƙulli yake fita, kowane ƙulli girmansa E = hf. Harafin f shi ne yawan kaɗawar igiya a daƙiƙa ɗaya, h kuma lambar Planck ce, 6.626 × 10⁻³⁴ a ma'aunin jul sau daƙiƙa. Ƙullin nan shi ne kwantam.

A 1905 Einstein ya ɗauki maganar da gaske. Idan aka haska farantin tutiya da jan haske, komai ƙarfinsa, ilektron ko ɗaya ba ya fita. Da an haska shi da hasken da ya zarce shuɗi, wanda ido ba ya gani, ko da mai rauni ne, nan take suke fita. Dalili shi ne kowane ƙullin haske, wato foton, da ilektron ɗaya yake mu'amala. Tutiya na buƙatar wajen eV 4.3 kafin ta saki ilektron. Foton ja wajen eV 1.9 ne, shuɗi wajen 2.7. Kamar buhun masara ne a Dawanau da ake so a ɗora a mota: yara dubu su zo ɗaya bayan ɗaya, babu wanda zai ɗaga, ɗan dako ɗaya mai ƙarfi ya ɗora shi tashi guda. Wannan eV ɗin, ilektron-bolt, shi ne ma'aunin da ya dace da ƙwayar zarra, kuma eV 1 daidai yake da jul 1.6 × 10⁻¹⁹.

Akwai wata shaidar da ta daɗe a ajiye. Idan aka sa lantarki cikin iskar haidurojin ta yi haske, aka raba hasken, ba a samun bakan gizo cikakke. Layuka huɗu kacal ido ke gani, masu tsawon zangon igiya nanomita 656, 486, 434 da 410 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Wani malamin makaranta a Suwizalan, Balmer, ya samo ƙa'idar lissafinsu tun 1885 ba tare da sanin dalili ba.

Niels Bohr na Denmak ya haɗa waɗannan a 1913. Ya ce ilektron ba ya zama ko'ina sai a wasu matakai ƙididdigaggu, kamar mai hawan Dala ta matakala, ko yana kan ta uku ko ta huɗu, babu tsayawa a tsakani. Makamashin mataki na n a haidurojin shi ne −13.6 eV a raba da n². Ke nan na farko −13.6, na biyu −3.4, na uku −1.51, na huɗu −0.85. Alamar ragewa na nufin ilektron a ɗaure yake, sai an biya wannan adadin kafin ya kuɓuta. In ya sauko daga mataki zuwa mataki, bambancin ne ke fita a foton ɗaya. Gwada da kanka: daga na uku zuwa na biyu, 3.4 a cire 1.51 ya ba da eV 1.89. Akwai gajeriyar hanya, ka raba 1240 da makamashin a eV, za ka sami tsawon zangon igiyar a nanomita. 1240 a raba da 1.89 ya ba da 656, jan layin nan. Daga na huɗu zuwa na biyu eV 2.55 ne, wato 486. Daga na biyu zuwa na farko eV 10.2 ne, wajen nanomita 122, ido ba ya ganinsa.

Nasara ce babba, amma ka lura Bohr bai amsa tambayarka ba. Cewa kawai ya yi a kan waɗannan matakan ilektron ba ya zubar da makamashi, bai faɗi dalili ba. Da aka gwada tsarinsa a kan hiliyam mai ilektron biyu kacal, lissafin ya rushe. Ya kuma kasa bayyana abin da ya sa wani layin ya fi wani haske.

Tsirkiyar garaya

Nan ne zuciyar amsar, don haka a bi a hankali. A 1924 Louis de Broglie na Faransa ya ce tun da haske, da aka sani igiya ne, ya nuna ɗabi'ar ƙwaya, to ilektron ma da aka sani ƙwaya ne zai nuna ɗabi'ar igiya. Tsawon zangonsa shi ne λ = h/p, inda p yake nauyin abu sau gudunsa. Ƙwallon ƙafa mai kilo 0.43 da aka buga da gudun mita 20 a daƙiƙa, zangonta wajen mita 10⁻³⁴ ne, ƙanƙantar da babu na'urar da za ta gani, shi ya sa ba ma lura da wannan ɗabi'a a rayuwar yau da kullum. Ilektron kuwa da aka ingiza da bolt 150, zangonsa nanomita 0.1 ne, daidai girman ƙwayar zarra. A 1927 Davisson da Germer a Amurka suka harba ilektron kan ƙarfen nikel, suka ga ya watsu da tsarin da igiya kaɗai ke yi.

Yanzu dubi tsirkiyar garaya ko ta gurmi. A ɗaure take ta kai biyu. In an kaɗa ta, tana iya yin ciki ɗaya, ko ciki biyu da wuri marar motsi a tsakiya, ko uku. Ba ta iya yin ɗaya da rabi, domin bakin da aka ɗaure ba ya motsi. Ka ga lambobi cikakku, 1, 2, 3, sun fito da kansu daga ɗauri kawai, babu wanda ya ƙaƙaba su. Haka matakan Bohr suke: ilektron igiya ce da jan cibiya ya ɗaure, don haka wasu salon kaɗawa kaɗai ke yiwuwa. Erwin Schrödinger na Ostiriya ya rubuta lissafin wannan igiyar a 1926, ya warware shi ga haidurojin, sai ga −13.6 a raba da n² ya fito ba tare da an cusa shi ba.

Abu na biyu da makaɗi ya sani: in ya danne tsirkiya da yatsa ya gajarta ta, sauti sai ya yi sama. Haka ilektron. Ka rage masa fili da rabi, zangonsa ya ragu da rabi, p ya ninka biyu. Makamashin motsi kuwa da p² yake tafiya, don haka ya ninka huɗu. A ɗaya ɓangaren, ribar da yake samu ta kusantar cibiya ninki biyu kawai take yi. Ciniki ne da asara ke saurin fin riba.

Ga lambobin ga haidurojin, a ma'aunin eV. A nisan nanomita 0.053 daga cibiya, makamashin motsi +13.6 ne, na jan cibiya −27.2, jimla −13.6. Matso da shi zuwa rabin wannan nisa: motsi ya zama +54.4, ja ya zama −54.4, jimla sifili, ɗaurin ma ya kwance ke nan. Matse shi zuwa kashi ɗaya cikin goma: motsi +1360, ja −272. Ja da shi baya zuwa ninki biyu na nisan farko: motsi +3.4, ja −13.6, jimla −10.2. Ka ga ko ta ciki ko ta waje jimlar sama take yi, mafi ƙasa tana nanomita 0.053. Kowane abu a halitta gangarawa yake zuwa inda makamashinsa ya fi ƙasa, kamar ruwan sama da kwari. Ilektron ya riga ya gangara iyakar gangarawa, ruftawa cikin cibiya a wurinsa hawan tudu ne. Wannan lissafin ƙiyasi ne na saman takarda, cikakken yana cikin na Schrödinger, amma yadda ninki huɗu ke rinjayar ninki biyu shi ne ainihin dalilin.

To mene ne gajimaren?

Igiyar ruwa, ruwa ne ke hawa da sauka. Ta ilektron fa? Max Born ya ba da fassarar da ake aiki da ita har yau, a 1926: girman igiyar a kowane wuri, in an ninka shi da kansa, yana ba da yiwuwar samun ilektron a wurin idan aka auna. Inda gajimaren ya yi duhu, can aka fi samunsa. Zanen da kake gani a littafi, mai kama da ƙwallo ko mai kunnuwa biyu, yawanci iyakar yankin da ake da yiwuwar kashi 90 cikin ɗari ne. Shi ake kira obital. A haidurojin da ke matakin farko obital ɗin dunƙulalle ne, kuma nisan da aka fi samun ilektron shi ne 0.053 ɗin nan, wanda Bohr ya ɗauka layin zagaye ne.

Misalin da ke taimaka wa ɗalibai shi ne rago a turke. Ko ba ka ga ragon ba, inda ƙasa ta fi tattakuwa zai nuna maka inda ya fi tsayawa. Amma misalin yana da iyaka, kuma dole ka san ta. Rago a kowane lokaci yana wani wuri takamaimai, kai ne dai ba ka duba ba. Lissafin kwantam bai ba ilektron irin wannan hanyar ba. A 1989 Akira Tonomura da abokan aikinsa a kamfanin Hitachi na Japan sun riƙa sakin ilektron ɗai-ɗai ta na'ura mai hanya biyu. Kowanne ya sauka a allo a ɗigo ɗaya, kamar ƙwaya. Da ɗigogin suka taru dubbai, sai suka jera layi-layi, haske da duhu, tsarin da ba ya samuwa sai igiya ta bi hanyoyin biyu a tare.

Ƙa'idar Heisenberg ta 1927 wannan maganar ce a wata siga: rashin tabbas na wuri sau rashin tabbas na p ba ya gaza h a raba da 4π. Ɗalibai da yawa suna rubuta cewa rashin ingancin na'urar awo ne ya jawo haka. Kuskure ne. Ɗabi'ar igiya ce: wadda aka tattara a wuri ɗaya ba ta da zango ɗaya tak, mai zango ɗaya tak kuwa a baje take.

Wannan ya kuma warware zancen zubar da makamashi. Gajimaren mataki ɗaya siffarsa ba ta sauyawa da lokaci, babu cajin da ke kai da komo kamar a turken rediyo, kuma ƙasa da matakin farko babu wani mataki da za a sauka. Ƙarin abin sha'awa, gajimaren dunƙulallen obital ɗin nan, da ake kira s, bai bar cibiya fayau ba, akwai 'yar yiwuwar samun ilektron a cikinta. A wasu cibiyoyi marasa kwanciyar hankali, irin fotasiyam-40, furoton yakan kama ilektron ɗin ya zama niyutron marar caji, ƙwayar ta koma agon-40. A haidurojin hakan ba ya faruwa, saboda niyutron ya fi furoton da ilektron nauyi in an haɗa su, babu makamashin cike giɓin.

Jera ilektron, da inda ake yin tuntuɓe

Saura tambaya ɗaya: me ya hana dukkan ilektron na ƙwaya mai yawa su taru a matakin farko? Wolfgang Pauli ya amsa a 1925. Kowane ilektron yana da lambobi huɗu: n na mataki, l na siffar obital, m na fuskar da obital ya kalla, da s, wata siffa mai fuska biyu kacal, +½ ko −½. Ilektron biyu a ƙwaya ɗaya ba sa haɗa lambobin huɗu duka. Ke nan obital ɗaya biyu yake ɗauka, masu s mabambanta. Ana kasa obital rukuni-rukuni bisa siffarsu da haruffan s, p, d da f, kada ka haɗa su da s na lambobin nan ko p na nauyi sau gudu. Rukunin s obital ɗaya ne, yana cin 2. Na p uku ne, 6. Na d biyar, 10. Na f bakwai, 14. Daga nan 2n² ta fito: 2, 8, 18, 32.

Jerin cikawa shi ne 1s, 2s, 2p, 3s, 3p, 4s, 3d, 4p. A cikin rukuni ɗaya kuma, ƙa'idar Hund ta ce kowane obital sai ya sami ɗaya kafin a fara haɗa biyu, shi ya sa naitrojin yake da uku a 2p, kowanne a ɗakinsa. Sodiyam mai ilektron 11 yana da ɗaya tilo a 3s, nesa da cibiya, na ciki goma sun yi masa shamaki, eV 5.1 ya isa a cire shi. Niyon mai 10 da matakinsa ya cika sai an biya 21.6. Kulorin kuwa ɗaya ya rage masa ya cika. Sodiyam ya bayar, kulorin ya karɓa, ga gishirin miya.

Kurakurai uku na fi gani a takardun ɗalibai. Na farko, a rubuta fotasiyam 2, 8, 9 saboda an haddace cewa mataki na uku yana cin 18. Daidai shi ne 2, 8, 8, 1, domin 4s na cika kafin 3d. Na biyu, kuromiyam da tagulla ba sa bin jerin: kuromiyam 3d⁵ 4s¹ ne, tagulla 3d¹⁰ 4s¹. Na uku ya fi kama masu ƙoƙari. Ƙarfe mai ilektron 26 yana ƙarewa da 3d⁶ 4s². In ya zama Fe²⁺, daga 4s ake cirewa, ya rage 3d⁶. Wanda ya ce na ƙarshen shiga shi ne na farkon fita zai rubuta 3d⁴ 4s², ya rasa makin.

Gani ya kori ji

Ba sai ka shiga ɗakin gwaji na Jami'ar Bayero ba kafin ka ga matakan nan. Jiƙa bakin waya mai tsabta, ka dangwali gishiri, ka kai gefen shuɗin harshen wutar gas, da babba a kusa. Wutar za ta koma ruwan ɗorawa mai ƙarfi, nanomita 589, ilektron ɗin sodiyam ne ke saukowa daga 3p zuwa 3s. Gwada kanwa, launin ɗaya za ka gani, domin sodiyam ne ya fi yawa a cikinta. Tokar itace tana da fotasiyam mai launin shunayya marar ƙarfi, sai dai ɗan ɓurɓushin sodiyam, ko na gumin yatsa ne, yakan rufe shi, shi ya sa a ɗakin gwaji ake dubawa ta shuɗin gilashi. Kada ka sa waya mai rigar roba a wuta, hayaƙinta guba ne.

Sami tsohon faifan CD, ka shiga ɗaki da dare, ka karkata shi har hasken ƙwai ɗaya ya faɗo a kai daga nisan mita biyu ko uku. Tsohon ƙwai mai zare zai ba ka bakan gizo a haɗe. Doguwar fitila mai tururin zaiba za ta ba ka launuka a rarrabe, kore a 546, shuɗi a 436. In launukan sun cakuɗe, ko ka matsa kusa da yawa ne ko akwai wani hasken a ɗakin. Kada ka gwada da rana.

Masu gyaran waya a Farm Centre sun san ɗan ƙwan LED ja yana kamawa a wajen bolt 2, shuɗi sai wajen 3. Lissafin da ka yi ɗazu ne: foton shuɗi ya fi tsada. Farantin sola na silikon yana da giɓin eV 1.1, foton da bai kai haka ba wucewa yake a banza, wanda ya zarce kuma rarar zafi take zama, shi ya sa farantan da ake sayarwa wajen kashi 20 cikin ɗari na hasken rana suke mayarwa lantarki. Ko a marinar Ƙofar Mata, zanen da aka tsamo daga rini yakan fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi. Oksijin ne ya sauya tsarin ilektron na babar, tazarar matakanta ta sauya, ta fara shanye hasken da ke wajen nanomita 600, ido ya ga abin da ya rage.

Abin da za ka rubuta, da iyakar wannan bayani

Karanta tambayar da kyau. In an ce ka kawo tsarin Bohr, kawo shi da sunansa: matakai ƙididdigaggu, babu fitar makamashi a kan mataki, foton na fita ko shiga yayin sauya mataki. In an nemi gazawarsa, ka ce bai aiki sai ga ƙwaya mai ilektron ɗaya, kuma ya ba ilektron hanya takamaimai, abin da ya saɓa wa ƙa'idar Heisenberg. In an ce ka zana sodiyam da da'irori 2, 8, 1, zana, amma ka sani a ranka taswirar matakan makamashi ce kake zanawa. In an ce ma'anar obital, ka ce yankin da ke kewaye da cibiya inda yiwuwar samun ilektron ta fi yawa. A lissafi, kafin ka yi amfani da h sai ka mayar da eV zuwa jul, nanomita zuwa mita. Mafi yawan amsoshin da ke fitowa da ninki biliyan a nan suke lalacewa.

Tsakanin zanukan biyu, na gajimare ne ya dace da awo. Shi ma yana da iyaka. Lissafin Schrödinger ba ya warwaruwa cif sai ga ƙwaya mai ilektron ɗaya. Daga hiliyam zuwa sama kusantowa ake yi da kwamfuta, ko da yake kusantowar tana dacewa da awo matuƙa. A ƙwayoyi masu nauyi irin zinare, ilektron na ciki gudunsu ya kai wani kaso mai yawa na gudun haske, sai an shigo da gyaran da Paul Dirac ya kawo a 1928, kuma launin zinare ma yana da nasaba da wannan. Batun abin da ke faruwa ga igiyar a daidai lokacin awo kuwa, masana sun yarda da lissafin amma har yau suna saɓani kan fassararsa. Wannan saɓanin ne wasu ke fakewa da shi suna cewa tunanin mutum na juya ƙwayoyin zarra, ko suna yawo da na'urar da wai ta kwantam ce, ka riƙe ƙarfe ta karanto maka cututtukanka. Babu ɗayansu da ke da tushe a wannan ilimi. Awo a nan na nufin cuɗanyar ilektron da na'ura, ko akwai mai kallo ko babu.

Akwai kuma abin da duk bayanin nan bai taɓa ba. Cibiyar zinare tana da furoton 79, dukkansu fozitif, cunkushe a wani ɗan mitsitsin wuri, suna tunkuɗar juna da ƙarfin gaske. Abin da ya riƙe su wani ƙarfi ne daban, wanda ba ya aiki sai a tazarar wajen mita 10⁻¹⁵, kuma niyutron da James Chadwick ya gano a 1932 yana cikin masu ɗaukar nauyinsa. A can ma akwai matakai, sai dai tazararsu ta miliyoyin eV ce, shi ya sa wutar gas ɗin da ta motsa ilektron ɗin sodiyam ba ta iya taɓa cibiyarsa ko kaɗan.